Kawu da Haƙoran Tsohon Gungu

Kawu ya rasu a shekarar da man fetur ya yi tsada har masu jiragen inji suka ɗaure su a bakin ruwa, kowa ya shiga bayan ɗaki yana neman tsohon filafilinsa. Lokacin sanyi ne, tafki ya cika ya kawo har gindin mangwaron da ke bayan masallaci. Kawu ya cika ranar Talata da hantsi, kafin la'asar mun kai shi. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.

Yayan Inna ne, ciki ɗaya. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya karɓa mini aure, kuma shi na yi wa laifin da ya fi kowanne girma a rayuwata, bai taɓa ɗaga mini murya a kansa ba. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a manta da laifin.

A zaman makoki kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce shekara da shekaru yana ganinsa a sahun farko, ta jikin bango. Wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono ta ce ya taɓa tsallakar da ita da maraƙinta mai karyayyar ƙafa, ya ƙi karɓar komai sai ludayi ɗaya na kindirmo, shi ma da ya sha ya ce ya yi tsami. Mutane suka yi dariya suna share ido. Ranar uku wani dattijo ya sauko daga garuruwan kan dutse. Kirista ne, ba mu san shi ba. Ya zauna a bakin tabarma ya yi gaisuwa, sannan ya ce:

"Ƙanena ruwa ya ci, da daɗewa. Wanga bawan Allah ya tsamo shi, bai san ko wane ne ba. Ya sa shi inuwa, ya rufa mishi mayafinshi, ya aika cigiya kasuwa-kasuwa. Mutane sunka ce a rufe shi a huta. Ya ce a'a, gawa tana da masu ita, sai an tambaye su yadda suke yi. Yana zaune yana kore mishi ƙuda har munka iso."

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ranar rasuwar, da muka fito daga wanka, ta kira ni gefe.

"Kun wanke mishi ƙafa da kyau? Har tsakanin yatsu?"

Na ce mun wanke.

"To gwangwanin fa?"

Na ce yana hannuna.

Gwangwanin madara ne ƙarami, mai murfi, a ƙarƙashin matashinsa muka same shi. A ciki akwai haƙoran mutane guda uku, kowanne a 'yar leda da lamba a jiki. Na kakanninmu ne. Burin Kawu na ƙarshe shi ne ya mayar da su inda aka ciro su, da hannunsa, ruwa kuma bai ba shi dama ba.

Mu Gungawa ne. Kafin a datse kogi garinmu yana kan gungu a tsakiyar ruwa, ana noman albasa da gero, ana kamun kifi. Ni ban ga wannan garin ba, a gidajen simintin da aka gina mana a gaɓa aka haife ni. Kawu kuwa yana saurayi aka kwashe su. Yakan ce an zo da manyan jirage an ɗauki mutane da awaki da turame, har da ƙyauren ɗaki, amma ba wanda ya zo da jirgin ɗaukar matattu. Aka bar su ruwa ya rufe.

Sai dai maƙabartar a kan tudu take. Duk shekara a ƙarshen bazara, idan tafki ya ja, kan tudun yakan fito kamar bayan dorina, ya yi wata ɗaya ko biyu kafin ruwa ya dawo. Tun shekarar farko Kawu yake zuwa. Igiyar ruwa tana zaizayar ƙasa, wani lokaci ta buɗe kabari, shi kuma sai ya loda duwatsu a jirgi ya je ya rufe. Mutanenmu na da, mace ana kifa mata dutsen niƙanta a kai, namiji a kafa masa dogon dutse. Kawu da tafin hannu yake gane su. Sai ya shafa dutse ya ce, "Wagga kakata ce ta wajen uwa. Kun ga yadda ta cinye shi ta gefe ɗaya, bahaguwa ce. Faɗa gare ta, amma miyarta ba ta kwana." Kabari arba'in da ɗaya yake kira da suna, kowanne da ɗan labarinsa.

Ƙa'ida biyu ya ɗora mana. Ta farko, ba a barin gungu da komai nasa, ko da ƙasar da ta manne a ƙafa ce. Kafin ka shiga jirgi sai ka zauna a bakinsa, ƙafafu cikin ruwa, ka wanke har tsakanin yatsu. Yakan ce ƙasar nan rabinta mutane ce, ba za mu kwashe su mu kai kasuwar Yelwa a tattake ba. Ta biyu, idan ruwa ya buɗe babba, ƙarami ba ya kallo. Sai ka juya baya, ka riƙa miƙa dutse ta gefe, shi da ya girme mu ya rufe.

Wankin ƙafar nan ya bi shi ko'ina. Ko kasuwa za shi, ko duba taru, ba ya taka jirgi da ƙasa a ƙafa. Abokansa suna yi masa tsiya wai jirginsa ya fi masallaci tsarki. Shi kuma sai ya leƙa nasu ya ce, "Naku kuma ya fi turken jaki ƙazanta. Kifin da ya faɗo ciki baƙin ciki ke kashe shi."

Shekara biyu kafin cutar da ta sa aka rufe makarantu, ruwa ya ja fiye da yadda ya saba. A makon ne aka kai Kawu Yelwa za a cire masa yanar ido. Kafin ya tafi ya miƙo mini filafilinsa ya ce, "Ɗan ƙanwata, gungu na hannunka har in dawo." A wurinmu ɗan 'yar'uwa ne yake tsaya wa kawunsa a irin wannan, ba ɗan cikinsa ba.

Kwana uku da tafiyarsa sai ga babban ɗansa, taubashina, wanda yake aiki a sakatariya, ya zo da baƙi a farar mota. Akwai mace 'yar ƙasarmu daga wata jami'a, suna kiranta Dakta, da wani dogon Bature, da wasu maza biyu. Ya same ni ina ɗinkin taru.

"Bawana, tashi, aiki ya samu," in ji shi. Haka muke kiran juna tun muna yara.

"Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa? Mene ne?"

"Masu binciken tarihi ne. Suna son a san asalinmu a sa a littafi. Hakimi ya sa hannu, ga takarda. Kai dai ka kai su gungu, ka dangwala nan."

Takardar da Turanci take, shafi huɗu. Ko da Hausa ce, a lokacin ba zan iya karanta ta ba. Taubashina ya taƙaita mini ita a numfashi ɗaya, ya ce awo ne da hoto. Na dangwala.

A cikin jirgi Dakta ta tambaye ni, "Malam, akwai wata al'ada da ya kamata mu kiyaye a wurin?" Tambaya ce ta mutunci, kuma na yi shekaru ina juya amsar da na ba ta. Na ce, "A wanke ƙafa kafin a fito." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce kada a ɗauki mutane ba, don bai taɓa zuwa raina cewa wannan abu ne da sai an faɗa ba.

A shekarar ruwa ya buɗe kaburbura biyar ta gabas. Ina hango farin ƙashi na juya baya kamar yadda aka koya mini. Kafin in juya na ga sun sa fararen riguna da safar hannu, sun rufe baki da hanci. Har na ji daɗi, na ce a raina mutanen nan sun san girman matattu. Na zauna ina kallon ruwa. Na yi azahar a wurin. Na ji ƙarar wani ɗan inji kamar na mai aski, na ɗauka na ɗaukar hoto ne.

Da suka gama na zaunar da su a bakin jirgi ɗaya bayan ɗaya. Takalmansu manya ne masu zurfin zane a ƙasa, laka ta cika ko'ina. Na karyo tsinke na bi kowane layi na ƙwaƙule da hannuna. Baturen ya yi dariya ya ɗauke ni hoto. Da na tabbata ko ƙwayar ƙasa ba ta rage ba, sai na ɗauko akwatinsu shuɗi mai sanyi, na ajiye shi a tsakiyar jirgi, na rufa masa buhu don kada rana ta taɓa shi. Ni na tuƙa har gaɓa.

Bayan kwana goma Kawu ya dawo da ido ɗaya a rufe da auduga. Inna ta ce ya bari ya warke. Ya ce ta je ta gaya wa ruwa ya jira shi. Muka loda duwatsu muka tafi. Ya nufi gabas shi kaɗai, ni na juya baya ina riƙe da dutse. Na daɗe ina jira ya karɓa bai karɓa ba. Can ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba.

"Juyo."

"Kawu, babba ce a buɗe."

"Na ce juyo."

Na juya. Kakarsa ce, bahaguwar. A muƙamuƙinta akwai gurbi biyu, tsaf, kamar an cire jiya. A bayan kunnenta akwai rami zagayayye irin wanda kafinta yake hudawa.

"Bara ni na rufe ta," in ji shi. "Haƙoranta cikakku ne, ta fi ni."

Na gaya masa komai, tun daga farar mota har zuwa tsinke. Bai katse ni ba.

"Kun wanke musu ƙafa?"

"Da hannuna, Kawu."

"Madalla. Akwatin fa, wa ya ɗauka?"

Ya daɗe yana dubana da ido ɗayan nan. Sai ya ce, "Laifina ne. Shekara nawa ina koya muku duban ƙafa, ban taɓa cewa ku dubi hannu ba." Ya bi kaburburan biyar ɗaya bayan ɗaya. Haƙora bakwai aka cire, mutum biyu kuma an huda musu bayan kunne. Muka rufe su tare. Ranar ce na fara rufe babba ina kallo.

Rigimarsa da ɗansa a ƙofar gida aka yi ta, bayan la'asar, gaban mutane.

"Baba, ƙashi ne fa," in ji taubashina. "Mutanen da ko salla ba su yi ba. Kuma ilimi ne, duniya za ta san da mu."

"In duniya na son haƙori ka ba ta naka. Ga su nan farare, gwamnati na ciyar da su."

"Hakimi ya yarda."

"Hakimi kakarshi na Birnin Yauri kwance, ba wanda ya taɓa ta. Ya ba da tashi."

Taubashina ya nuna ni. "To ai shi ma ya dangwala."

"Shi bai iya karatu ba. Kai ka iya."

Aka kira liman ya raba. Kowa ya san liman ya daɗe yana ƙorafin zuwan Kawu gungu, yana cewa abin yana warin addinin da. Taubashina ya gyara zama, yana ganin ya sami mai goya masa baya. Liman ya ce, "Ni ban taɓa son zuwanka gungu ba, ka sani, kuma har gobe. Amma ɗan Adam ɗan Adam ne, da rai ko ba rai. Ba a fasa shi don a ji labari." Kawu ya ce, "Yau dai huɗubarka ta yi gajarta, kuma ta yi kyau." Wasu suka yi dariya. Ni da taubashina ba mu yi ba. Daga ranar muka daina kiran juna bawa, sai gaisuwa kamar baƙi.

Kawu bai iya faɗa da hukuma ba, zama ya iya. Yakan sa farar rigarsa ya tafi sakatariya, ya gaishe da kowa, ya zauna a benci. Idan aka tambaye shi sai ya ce ya zo karɓar haƙoran kakarsa. Da farko dariya ake yi, har aka sa masa suna Baba mai haƙori. Da ya ci gaba da zuwa sai dariyar ta ƙare, mutane suka koma bi ta ɗaya ƙofar. Kullum amsa ɗaya ce: abin ya wuce nan, yana jami'a, jami'a kuma ta tura waje.

Wata rana muna dawowa ya kama hannuna ya ɗaga babban yatsana ya dube shi. Ya ce, "Wanga ya yi muna ɓarna. Ka je ka koya wa 'yan'uwanshi aiki." Haka na shiga ajin manya. Da hannuna ya fara sabawa da biro, wasiƙa ce aikina na farko. Malaminmu ya samo adireshin jami'ar, Kawu yana faɗa ina rubutawa, layi uku ko huɗu, karkatattu. Kowace wasiƙa abu ɗaya take cewa: muna gaisuwa, muna son a dawo mana da mutanenmu. Bai yarda malamin ya rubuta ba. Ya ce hannun da ya dangwala shi zai roƙa.

Aikina na biyu shi ne sunayen. Idan na dawo aji sai ya ce, "Ɗauko littafin." Ya faɗi suna, da siffar dutse, da wanda yake kusa da wa. Sunayen Gunganci suna da wuyar kamawa da biro, shi kuma ba ya faɗin suna ba tare da labarinsa ba, labarin kuma yakan kai mu magariba. Wani makon mu rubuta ɗaya, wani watan ko ɗaya. Ina ganin akwai lokaci. Goma sha tara na samu.

Shekara biyar muna haka. A farkon sanyin da zai rasu, sai ga Dakta. Ita kaɗai ta zo, a motar haya, ta ƙarasa a bayan babur. Ta tarar da shi a kan tabarma yana jin rana. Ta cire takalmi ta durƙusa. A hannunta akwai wasiƙuna, na gane rubutuna.

"Baba, na kawo abin da na iya samowa."

Ta buɗe ambulan. Uku ne.

"Bakwai anka ɗauka, ɗiyata."

Ta yi masa bayani a hankali, ba ta ɓoye ba. Ta ce a cikin haƙori da ƙashin bayan kunne akwai ƙwayoyin halitta, wani abu kamar rubutu da Allah ya ajiye a jikin kowa, wanda yake nuna wa ya haɗa jini da wa, ko da mutum ya yi shekara ɗari da mutuwa. Ba a iya karanta shi sai an niƙa ƙashin ya zama gari, an narkar da shi. Huɗun an niƙa su, ƙashin kunnen ma haka. Babu abin da ya rage da za a zuba ko a cokali.

Kawu ya ce, "Ita da ta yi rayuwarta tana niƙa."

Ya tambaye ta abin da aka karanta yana ina. Ta ce yana cikin na'ura, masu bincike a ko'ina suna iya buɗewa.

"Wato kakata, wadda ko Yelwa sau biyu ta je a rayuwarta, yanzu tana ƙasar Turawa."

"Tana ko'ina, Baba."

"Har yaushe?"

"Ba shi da ranar ƙarewa. Na roƙa a daina amfani da shi sai an tambaye ku, amma ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba. Wanda ya riga ya kwafa kuma ba zan iya karɓowa ba."

Ta ce ba da mugunta ta zo ba. Kullum tarihin sarakuna ake rubutawa, mutane irinmu da ruwa ya cinye garinsu ba a san da su ba, ita kuma tana son a sani. Ta ce sun bi ƙa'ida, sun sami takardu da hatimi, sai da wasiƙun suka fara zuwa ta gane ba su tambayi wanda ya kamata ba. Ta ɗauko wata takarda za ta gaya masa abin da suka gano. Ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Abin da anka ɗauka ba da izni ba, ban son in ci ribarshi. In asali kuke nema, da kun zo kun zauna nan, da na gaya muku wa ta auri wa, daga wane gari, kyauta, har in ba ku fura. Niyyarki ba ta da laifi, ɗiyata. Hanyar ce."

Sai ya sa yatsu biyu a baki ya kama wani haƙorinsa na ƙasa ya girgiza.

"Ga wanga, tun bara yake motsi. Mai shi na da rai. Kina iya tambayarshi, yana iya cewa i, yana iya cewa a'a, yana iya cewa ki dawo gobe. Waɗancan mi za su ce miki?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, kina so?"

"A'a, Baba."

"Kin gani. Ke ma an tambaye ki."

Ya kira Inna ya ce a kawo wa baƙuwa tuwon shinkafa. Inna ta tsaya a ƙofa ba ta motsa ba, sai da ya maimaita. Dakta ta ci kaɗan, hawaye yana ɗiga a kwano. Da za ta tafi ya sa aka ƙulla mata bandar kifi. Ita kuma ta bar mana zanen maƙabartar da suka yi a wancan zuwan, da lambar kowane kabari, don mu san wane haƙori na wane ne. Bayan tafiyarta Inna ta ce, "Ni da ba zan ba ta ko ruwa ba." Ya ce, "Cikinsu ita kaɗai ta dawo. In munka kore ta, gobe wa zai dawo?"

Ya zuba haƙoran a gwangwani, ya fara jiran ruwa. Ya kafa kara a bakin tafki, kullum da safe sai ya dogara sanda ya je ya duba. Ya san lokacin cika ne, ya fi kowa sani, amma yana zuwa. Da tari ya kwantar da shi sai ya koma aikena. Idan na shigo sai ya ce, "Ya ja?" In ce, "Ya ƙaru da yatsa biyu, Kawu." Sai ya ce, "To." Ban taɓa yi masa ƙarya a kan ruwan ba, ko da yake na so.

Kwana biyu kafin rasuwarsa na ɗauko littafin na ce mu ƙarasa. Ya fara wani suna, tari ya tsare shi. Da ya lafa ya ce, "Bari sai na ji sauƙi. In ban kai ba, kai ne. Kuma ka riƙa juyowa kana kallo. Kunyar da na koya maka da ita anka cuce mu."

Ruwa ya ja a ƙarshen bazarar nan, wata biyar bayan mun rufe shi. Muka tafi mu uku, ni da Inna da taubashina. Ban kira shi ba, a bakin ruwa na same shi da filafili a hannu. Tafiyar da inji yake yi kafin hantsi ta kai mu kusan azahar, don shi tuƙinsa na ma'aikatan ofis ne.

Haƙori na farko na kakarsa ne, dutsenta ko ido rufe zan gane. Na buɗe, na mayar da shi gurbinsa, na rufe. Ɗayan gurbin yana nan yadda yake. Na biyu na wani mai dogon dutse ne, sunansa yana cikin littafina, shafi na shida. Na uku, zanen Dakta ya ce kabari na huɗu ta gabas. Muka je muka tarar gaɓar ta rushe, duwatsun sun gangara sun haɗu wuri ɗaya. Da Kawu ne da ya shafa su ya ware. Na duba littafina gaba da baya, babu. Inna ta ce tana goye aka bar gungu, ba ta sani ba.

Muka daɗe a tsaye da haƙori ɗaya a tafin hannuna. Daga baya Inna ta ce a haƙa masa a saman tudu, inda ruwa yake zuwa a ƙarshe. Ba mu san ko mace ce ko namiji ba, sai muka kifa dutse ɗaya, muka kafa ɗaya a gefensa.

A bakin jirgi muka zauna muka wanke ƙafa har tsakanin yatsu. Na miƙe zan tura jirgi sai taubashina ya ce in tsaya. Ya zazzage aljihun rigarsa, ya juya na wandonsa, ya buɗe jakarsa ya miƙo mini.

"Duba, bawana."

Na duba. Ba komai sai waya da goro. Ni ma na juya nawa aljihun, na buɗe gwangwanin na nuna masa. Inna ta kwance bakin zanenta ta kakkaɓe. Sannan muka shiga.

Abin da muka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa. Haƙora huɗu. Ƙashin bayan kunne na mutum biyu. Sunaye ashirin da biyu. Da mutum ɗaya da ya san su.